Yaron da ya ƙi abinci da haɗarin yi masa ɗura

Har yau a gidaje da yawa, daga Rigasa zuwa Kawo a Kaduna, idan yaro ya ƙi kunu sai a kwantar da shi a cinya, a toshe masa hanci, a ɗura masa. Wannan yana da haɗari ƙwarai. Yaron yana buɗe baki ne don neman iska, to kunun da aka kwarara a daidai lokacin yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama, wato nimoniya. Ko ya tsira daga wannan, ya riga ya koyi tsoron cokali, gobe ƙin abincin zai ƙaru.

Zaɓen abinci tsakanin shekara 2 zuwa 5 abu ne da aka saba gani. Sabon abinci yakan so a gwada shi sau 10 ko 15, a ranaku daban-daban, kafin yaro ya karɓa. A zaunar da shi tsaye, a ci tare da shi, a ɗauke kwano bayan minti 30 ba tare da faɗa ba. A daina cika masa ciki da biskit da lemon kwalba kafin abinci. Ɗan wata 6 ana fara masa da cokali 2 zuwa 3, sau biyu ko uku a yini, ana ci gaba da nono. Kunun ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba, a haɗa da garin waken suya ko na gyaɗa, domin tsararon kunu ciki kawai yake cikawa.

Amma akwai inda abin ya wuce rigima. Yaron da yake ƙwarewa ko tari duk lokacin cin abinci, muryarsa ta dishe kamar akwai ruwa a maƙogwaro, yana iya zama da matsalar haɗiya. Wani kuma abinci kala biyu ko uku kaɗai yake yarda da su, ƙamshi ko laushin wani abincin yana sa shi yunƙurin amai, nauyinsa ya tsaya a katin awo. Likitoci suna kiran wannan ARFID, an ba shi suna a hukumance a 2013. Shi kuwa wanda ya haura shekara 2 yana cin ƙasa ko gawayi ko alli, a gwada jininsa, don sau da yawa ƙarancin jini ne, kuma ƙasar tana kawo tsutsar ciki. Yi masa duka ba ya hana shi.

A asibitin unguwa ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da ɗan tef mai launi. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani, haka ma kumburin ƙafafu biyu. Irin wannan a kai shi asibiti a ranar. Matsalar haɗiya kuwa a nemi a tura ku sashen yara na Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya, a tafi da katin awo da jerin abin da yaron ya ci cikin kwana uku.