Sunana gatsal

Shekara 11 na yi ina koyar da tarihi a wata sakandare a Zariya. Ko kasuwar Sabon Gari na shiga sai in ji an ƙwala "Malam!" daga wata rumfa, tsohon ɗalibi ya taso ya karɓi ledar hannuna. Albashin ne dai ba ya kai mu tsakiyar wata. Da Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a Fabrairun 2022, na sayar da filina, kafin shekarar ta ƙare ina Bradford.

Ranar farko a gidan kula da tsofaffi aka miƙo mini safar hannu da rigar leda, aka haɗa ni da wata yarinya sa'ar ɗalibaina. Ita ta koya mini ɗaga tsoho daga gado da na'ura, da juya shi a kai a kai don kada bayansa ya yi gyambo. Sunana gatsal take kira. Ba raini ba ne, haka suke yi har da shugabar gidan, amma duk kiran sai na ji shi a ƙirjina.

Wata takwas ina ɓoye wa Inna. In ta ce, "Malam, ya aiki?" sai in ce asibiti nake. Ta yaya zan gaya wa matar da ta sayar da awakinta ta kai ni jami'a cewa wanka nake wa tsofaffin da ba nawa ba?

A 2023 Ingila ta ba malaman Najeriya damar neman shaidar koyarwa ta QTS. Na karanta sharuɗɗan cikin dare, hannuna na rawa: lissafi, kimiyya, harsuna. Babu tarihi. Na daɗe zaune a bakin gado.

Akwai wani dattijo da nake yi wa aski duk safiya, ciwon mantuwa ya ci shi har sunan 'yarsa ya ɓace masa. A masaƙar Saltaire da ke kusa da Bradford ya yi aiki, wadda Titus Salt ya buɗe a 1853, har aka rufe ta a 1986. Kunnensa ya mutu saboda ƙarar injuna. Amma ina shafa masa kumfa sai yatsunsa su kama ƙulla zaren da babu shi, da sauri, ba kuskure, a kan bargo. Sau nawa na rubuta juyin masana'antu a allo, yara suna kwafa? Ga shi yau haɓarsa a tafin hannuna. Tun daga nan nake zuwa da wuri in zauna da shi, ko da rabin maganar ba ta haɗuwa.

Yanzu ina karatun difloma ta mataki na 3 a kula da manya, sababbin ma'aikata kuma ni ake ba su in nuna musu aiki. Kewar aji ba ta sake ni ba, musamman a Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.

Daren da na faɗa wa Inna gaskiya, ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "Kana yanke masa farce?" Na ce ina yi. Ta ce, "To ka riƙa jiƙa su a ruwan ɗumi tukuna, farcen tsoho tauri gare shi. Haka na yi wa kakanka."