Ɗaura na'urar gano kifi a kwale-kwalen katako: inda aikin ya tsaya

'Yan'uwa masu koyo, an gama haɗin wuta, yanzu muna kan ɗaura tiransdusa, wato ɗan kan nan da ke nutse cikin ruwa yana aika sauti yana karɓar amsa. A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don allon na'urar ba ya nuna komai sai abin da wannan kan ya ji.

Haɗin wutar ba shi da wahala. Batir mai bolt 12 da 7Ah (ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa) ya isa ƙaramar na'ura, a sa fis mai amfiya 3 a jar waya, kusa da batirin. Na'urar da ke jan amfiya 0.3 za ta yi kusan awa 11 kafin batirin ya sauka rabi, kuma kada a bar shi ya wuce nan. Batirinta daban da na inji, in ba haka ba za ku ga layuka a tsaye suna cika allo duk lokacin da aka ƙara wa injin wuta. Wayar tiransdusa kuma ba a yanka ta. In ta yi tsawo a naɗe.

A cikin kan akwai faifan yumɓu na musamman wanda ke girgiza idan lantarki ya shige shi, ya kuma fitar da lantarki idan sauti ya girgiza shi. Sauti na tafiyar kusan mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwan daɗi. Na'urar tana auna lokacin zuwa da dawowa, ta lissafa nisan da sautin ya yi, ta raba biyu, shi ne zurfin. Abin da sautin nan ba ya iya ratsawa shi ne iska. Ku riƙe wannan, domin kusan duk matsalar da za ku haɗu da ita daga nan take.

Shi ya sa ba a manna kan daga cikin jirgin katako. Dabarar mannawa a ciki da gam ɗin efoksi tana aiki ne a jirgin faiba mai ƙasa dunƙulalliya, amma katako cike yake da ƙananan ramukan iska, sautin yana mutuwa a ciki. Ga kwale-kwale irin na masuntan Yauri da Tafkin Kainji, sanda ce mafita. A sami faif ɗin roba mai kauri, faɗin milimita 32 ko 40, tsawon kamar mita ɗaya, a ɗaura kan a ƙarshensa da noti marar tsatsa, waya ta bi ta cikin faif ɗin ta fito sama. A matse shi a gefen jirgi a wuri biyu, sama da ƙasa. Matsi ɗaya ba ya isa, ruwa zai riƙa tura sandar baya, fuskar kan ta karkace. Fuskar ta sauka ƙasa da gindin jirgi kaɗan, kuma a yi yadda za a iya ɗage sandar idan an shigo gaɓa ko cikin kainuwa.

Mai jirgin faiba da inji a baya, shi a bangon bayan jirgin zai ɗaura, ɓangaren dama, aƙalla santimita 38 daga farfela. Fuskar ta leƙo ƙasa da gindin jirgi da kamar milimita 3, bayanta ya ɗan fi gabanta sauka. Idan zurfi yana fitowa daidai a tsaye amma lamba ta fara rawa da an ja wuta, kumfa ce ke wucewa ta ƙarƙashin kan. A sauke shi kaɗan-kaɗan ana gwadawa, kada a taɓa saitin allo tukuna.

Batun saurin girgizar sauti, wanda ake aunawa da kHz, ya cancanci a tsaya a kai. Ƙananan na'urori galibi suna da 200kHz da kuma 77 ko 83kHz. Na 200 siriri ne, kusan digiri 20, yana duba da'irar da faɗinta ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfi: a mita 9, kusan mita 3 kawai kuke gani. Na 83 yana buɗewa har digiri 60, a wannan zurfin yana rufe kusan mita 10, sai dai hotonsa bai kai wancan fitowa ba. A ganina mai koyo ya fara da 200, domin shi ke koya wa ido bambanta kifi da kututture. Mai faɗin yana da wani haɗari: a bakin gangare yakan nuna wuri mafi kusa a matsayin ƙasa, kifin da ke kwance a ƙasan gangaren ya ɓace.

Ku kashe hoton ɗan kifin nan da allo ke zanawa, yana ɗaukar ciyawa da kumfa a matsayin kifi. Kifi na gaske yana fitowa a lanƙwashe kamar bakan harbi, saboda nisansa da kan yana raguwa sannan ya ƙaru yayin da jirgi ke wucewa, kuma jakar iskar da ke cikinsa ce ta fi mayar da sautin. Kaurin bakan ne ke nuna girma, tsawonsa kuwa daɗewar kifin a cikin da'irar ne. Idan rabin baka kuke gani kullum, kan ya karkace gaba ko baya. Tafiya a hankali, kilomita 3 zuwa 6 a awa.

Ƙasa mai tauri tana ba da layi mai ƙarfi, har da layi na biyu a ninkin zurfin. Taɓo yana shanye sauti, layinsa ya fito a dushe.

Aikin da ke gaba shi ne tantance zurfi. A ɗaure dutse a igiya marar miƙewa, a yi ƙulli kowace mita, a gwada a wuri uku masu zurfi daban, inda ƙasa take yashi kuma ruwa ba ya gudu. Na'urar daga fuskar kan take aunawa, don haka a auna nutsewar kan a shigar da ita a saiti. Wanda lambarsa ta ci gaba da zarce ta igiya, ya duba sandar, akwai alamar ba a tsaye take ba.