Musun Ngannou a majalisa

Jiya da dare musu ya kaure a majalisarmu ta Jekadafari har mai shayi ya fara kwashe kofunansa. Wani abokinmu ya dage wai Francis Ngannou, ɗan Kamaru kuma tsohon zakaran UFC, wato gasar faɗa a cikin keji da ake haɗa dambe da kokawa, ya fi duk 'yan damben zamani, tunda ya kai zakaran damben duniya na lokacin, Tyson Fury, ƙasa a zagaye na uku a Riyad a 2023. Na ce haba malam, ai Fury raini ya kawo, kuma duk da haka shi alƙalai suka bai wa nasara. Ba a yi wata biyar ba Anthony Joshua ya sumar da ɗan Kamarun a zagaye na biyu.

Amma nima ban yarda da masu cewa 'yan UFC ba su iya komai ba. James Toney, tsohon zakaran dambe, ya shiga kejinsu a 2010, ɗan UFC Randy Couture ya kayar da shi ya shaƙe shi tun zagayen farko. Kuɗi ne kawai ke jawo 'yan UFC dambe.

Shi kuwa Fury, duk sanda ya ce ya yi ritaya dariya nake yi. A ajiye masa kuɗin Saudiyya a gani.