Irin da ya ƙi tsira a leda, ya tsira a taki

Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Wai ni ne na zauna ina gwajin irin Prosopis juliflora, bishiyar nan mai ƙaya da aka kwaso daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya aka baza a Afirka don tare hamada da samun itace, ta zo ta zame wa mutane alaƙaƙai, ku tambayi makiyayan Afar a Habasha ko na Baringo a Kenya. So nake in ga me ke tayar da irin nata, zafi ne, ruwa ne ko zurfin binnewa.

Na fasa kwanson, na shuka a ledoji ina ban ruwa safe da yamma, shiru. Ɗai-ɗai ne suka leƙo. Har na fara cewa ai surutun da ake yi a kanta ya yi yawa. Ashe ɓawon ƙwayar ne mai taurin tsiya, ruwa ba ya ratsa shi, sai ta yi ta kwanciya a ƙasa da ranta tana jira. Da na goga wasu da sanfefa, wasu na tsoma a ruwan zafi, kafin ka ce kwabo sun fashe, musamman waɗanda suka samu ɗumi wajen digiri 30 kuma ƙasa kaɗan ce a kansu. Waɗanda na binne da zurfi kam ba su fito ba.

To duk wannan ba shi ne ya ƙona ni ba. Takin awaki da na zuba a gefen lambu, can ne abin ya fito kamar an yi yayyafi! Na tsuguna na murje kashin akuya ɗaya da yatsa, sai ga ƙwaya ruwan ƙasa mai sheƙi a ciki ta kumbura har ta tsage. Dabbobin sun ci 'ya'yan saboda zaƙinsu, cikinsu ya cire kwanson ya sassauta ɓawon, suka kasayar da ita cikin danshi da abinci a shirye. Aikin da na sha wahala da sanfefa, akuya ta yi shi kyauta, kuma a lambuna.

Cirewa ma wani tashin hankali ne, tsiron da bai kai tsawon yatsa ba sai ka ja ka ga saiwa ta ninka shi, in ka bari ya yi ƙwari ka sare kuwa kututturen sake tofowa yake.

Yanzu duk takin da zai shigo min sai na tambayi inda dabbobin suka yi kiwo, sannan in tara shi gefe guda in jiƙa shi in jira, abin da zai tsira ya tsira a nan in tumɓuke tun yana ganye biyu. Makwabcina ya ce na cika tsirfa, na kai shi gefen lambun ya ga ƙayar da idonsa, bana shi ma jiƙa nasa yake.