Daga Kurtu Zuwa Kanar: Abin Da Igiya Ta Koya Mini Kafin Anini

Na shiga aikin soja a 1983, na fita a 2018 da muƙamin kanar, bayan na cika shekara 35 da doka ta yanke wa ma'aikaci. Fiye da shekara goma na farkon wannan tafiya ba hafsa ba ne ni. Kurtu ne, sannan farabiti, sannan mai igiya, wato alamar muƙamin ƙaramin soja irin su kofur da saje. Duk wani abin kirki da na yi daga baya a matsayin kwamanda, a waɗannan shekarun na koyo shi.

Gidanmu a cikin birni yake, kusa da Ƙofar Mazugal, mahaifinmu kuma kayan doki yake sayarwa a Kasuwar Kurmi. A zamaninmu ɗan birni ba ya sha'awar kaki. Ko fatauci, ko karatun allo da na littattafai, ko aikin ofis. Soja dai marmari daga nesa. Amma mu yaran da muka tashi da sunan Janar Murtala a kunne, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kawo shi Kano aka binne, kallonmu ya ɗan bambanta da na iyayenmu. Sai kuma rikicin Maitatsine a Disambar 1980, lokacin da abin ya fi ƙarfin 'yan sanda a 'Yan Awaki, sai da soja suka shigo gari ya lafa. Da na faɗa wa Baba niyyata ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Duk sana'ar da ke Kurmi ba ta ishe ka ba, sai ka je inda za a riƙa daka maka tsawa?" Kawuna, wanda ya yi yaƙin basasa, shi ya shiga tsakani. Ya ce, "Yaya, bar shi ya tafi da albarkarka, ya fi ya tafi a ɓoye."

Aka tantance mu a barikin Bukavu, aka kwashe mu zuwa Difo a Zariya, inda ake horar da kuratan sojan ƙasar nan tun 1924. Wata shida ne na aski, gudun asuba cikin sanyin Zariya, fareti, tsallen kwaɗo, da kwance bindiga a harhaɗa ta har hannu ya riƙa yi ba tare da ido ba. Ba zan tsaya a kan gwale-gwale ba, kowa ya ji labarinsa. Abin da ya fi zauna mini shi ne ɗakin kwana. A hannun damana Batibe, a haguna wani yaro daga Ribas da bai taɓa ganin hazo ba. Idan ɗayanmu ya yi laifi, dukanmu ake horarwa. Kafin wata biyu na daina tambayar mutum daga ina yake, sai dai ko ya goge takalminsa.

Ranar 31 ga Disamba na shekarar da na shiga aka yi juyin mulkin da ya kawar da Shugaba Shagari. Mutane a gida suna zaton mun san wani abu. A rediyo muka ji, kamar kowa. Ƙaramin soja ba a shawara da shi, sai dai a ce ya tsaya a ƙofa kaza.

Wannan tsayuwar ita ce makarantata. Wanda bai yi gadin dare ba bai san yadda umarni yake kama ba idan ya gangaro ƙasa. Kwamandan bataliya zai ce fareti ƙarfe bakwai. Kwamandan kamfani, don kada a ga laifinsa, sai ya ce shida da rabi. Samanja ya ce shida. Saje ya ce biyar da rabi. Shi kuwa farabitin da ya sauka daga gadi ƙarfe huɗu, yaushe ya runtsa? Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu, kowa kansa yake karewa, amma nauyin duka a kan mutum ɗaya ya sauka. Da na zama kwamanda, idan na faɗi lokaci nakan ƙara da cewa kada kowa ya rage ko minti goma, kuma nakan zagaya da kaina in ga ƙarfe nawa aka tashi yara. Haka maganar takalmi, da abincin da ke isowa ya huce, da izinin zuwa gida da ke kwana a teburin wani. A ofis ƙananan abubuwa ne, a ɗakin farabiti kuwa su ne rayuwar gaba ɗaya.

Wani kyaftin mai kula da sashen ilimi a bataliyarmu ne ya fara ce mini, "Las kofur, hannunka yana da kyau a rubutu, me ya hana ka gyara takardunka?" Sakamakon sakandarena bai cika ba. Na koma karatun dare, da fitilar ƙwai idan an ɗauke wuta, abokai suna kasuwar mami ni ina fama da lissafi da Turanci. Na gyara sakamakon, na ɗora da difloma. Tsakanin mai igiya da hafsa akwai katanga, kuma jarumtaka kaɗai ba ta tsallake ta. Na ga mazaje da suka fi ni ƙarfin zuciya nesa ba kusa ba sun yi ritaya da igiya uku saboda takarda.

A 1990 aka tura mu Laberiya cikin rundunar ECOMOG, ta tsaron zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ina kofur. Dakarun farko sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a watan Agusta, ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Gana. A watan Satumba mutanen Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe suka kashe shi, daga nan Janar Joshua Dogonyaro ya karɓi jagoranci. A Oktoban 1992 kuma mayaƙan Charles Taylor suka yi wa birnin ƙawanya a farmakin da suka kira Octopus. Mu da aka ce mun je tsaron zaman lafiya sai muka tsinci kanmu cikin yaƙi sosai, a fadama, cikin ruwan sama da zazzaɓin cizon sauro, kuma sau da yawa wanda ke harbinka yaro ne da bai kai ƙaninka ba. Wannan ba ya fita daga zuciyar mutum.

A can na ga abin da ke sa soja ya bi hafsa. An kawo mana wani laftana sabon fitowa daga makarantar hafsoshi, na girme shi. Daren farko ya kira sajenmu gefe ya ce, "Saje, ka riga ni sanin wurin nan, nuna mini." Ba ya cin abinci sai ya ga kowa ya samu. Yakan sa mu cire takalmi ya duba ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, domin ƙafar da ta kwana uku a jiƙe ruɓewa take yi. Ranar da wuta ta yi wuta ya ce a tashi a matsa gaba, ba wanda ya waiwaya. Shi bai taɓa zama kurtu ba, amma ya sunkuya ya koya daga waɗanda suka zama. Don haka ba na cewa sai wanda ya taso daga ƙasa ne ya iya riƙon mutane. Ina cewa mu an ba mu wannan ilimin a hannu, kuma abin kunya ne mu yar da shi ranar da muka ɗaura anini, wato alamar hafsa.

Bayan mun dawo na nemi kwas ɗin hafsoshi na gajeren zango a makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, Allah ya sa aka ɗauke ni, na fito a 1994. Na zaci wahalar ta ƙare, ashe tsallakawar ce mai wuya. Aka tura ni bataliyar da wani tsohon samanja yake, wanda ya taɓa sa ni birgima a taɓo ina farabiti. Ya hango ni, ya ƙame, ya sara. Jikina ya yi sanyi, na ji kamar in durƙusa in gaishe shi yadda aka koya mana a gida. Da muka keɓe na ce, "Baba samanja, ai ni ɗanka ne." Ya ce, "Yallaɓai, a nan ɗaki ɗana ne kai. A fili kuwa ka karɓi gaisuwa da kai a miƙe, yara suna kallo. Idan ka yi kunya, ni ka ɓata wa aiki." Na riƙe wannan har na bar aiki. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban kuma taɓa yanke wata shawara a kan yara ba sai na ji ta bakinsa, amma umarni nawa ne, alhakinsa ma nawa ne.

Abokan kurtanci sun fi wuya. Wanda kuka ci kwano ɗaya da shi zai makara daga hutu, ya shigo ofis yana murmushi yana kiranka da sunan Difo. Idan ka sassauta masa, sauran mutum ɗari sun gani. Nakan yanke masa hukuncin da zan yanke wa kowa, da yamma kuma in je gidansa in ji abin da ya tsare shi, idan rashin lafiyar yaro ne in taimaka daga aljihuna. Wasu sun fahimta, wasu sun daina gaishe ni. A ɗaya gefen kuma, a kulob ɗin hafsoshi akwai masu yi maka kallon tsohon kofur. Ban taɓa ɓoye asalina ba. Janar Aguiyi-Ironsi ma a farabiti ya shiga a 1942, ya kai manjo janar.

Sai dai irinsa kaɗan ne, kuma dalilin lissafi ne. Shekara 35 ɗin daga ranar da ka shiga Difo ake ƙirga ta. Wanda ya shiga NDA kai tsaye yana ɗan sha takwas ya riga ka da shekara goma a kan tsanin. A kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji na zauna aji ɗaya da waɗanda na girma sosai, sun fi ni saurin rubuta tsarin farmaki da karanta taswira, dole na ninka ƙoƙari. Inda nake fin su shi ne idan aka zo lissafin tafiyar ƙafa da ruwa da abinci, domin na san nawa mutum zai iya ɗauka a baya kafin gwiwarsa ta ce a'a. Duk mai igiyar da ke son tsallakawa, ya fara karatu tun shekararsa ta farko, kada ya jira sai ya yi aure da yara uku.

Na yi Darfur da rundunar Tarayyar Afirka, a shekarar da aka kai hari sansanin Haskanita, 2007, aka kashe mana mutane. Na kuma yi Arewa maso Gabas bayan an kafa runduna ta bakwai a Maiduguri a 2013. A waɗannan wurare na ɗauki wata al'ada da wasu ke ganin ƙaramin aiki ne ga kwamanda. Kafin mu fita, nakan zauna da akawu mu bi takardar magajin kowane soja. Da yawa sun rubuta sunan uba tun suna kurtu, uban ya rasu, sun yi aure sun haihu, ba su canza ba. Idan ta Allah ta kasance, matar da marayu ne za su yi ta zarya daga ofis zuwa ofis, ga wa'adin barin ɗakin bariki yana matsowa. Na taɓa raka matar abokina wannan zaryar ina mai igiya biyu, na san ɗacinta. Kai gaisuwar mutuwa kuma ban taɓa wakilta kowa ba idan ƙafata za ta iya kaiwa.

Yanzu ina Kano, kuma duk lokacin da aka buɗe ɗaukar kurata sai matasan unguwa su cika ƙofar gida, wasu da iyayensu. Ba ni da gurbin da zan bayar, kuma nakan faɗa musu haka tun kafin su zauna. Fom ɗin a intanet ake cikewa, kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa suna ɗan damfara ne. Abin da nake iya yi shi ne in duba takardunsu, in tura mai matsalar ido ko gwiwa asibiti tun kafin likitan soja ya dawo da shi, in kuma ce su fara gudun asuba wata uku kafin tantancewa. Wanda sakamakonsa na Turanci ko lissafi bai cika ba, nakan ce ya sake zama jarrabawa ko da an ɗauke shi, kuma kuɗin rajistar mutum biyu a shekara ni nake biya daga fanshona.