Da ƙafa a bakin tekun Accra, daga Baƙin Tauraro zuwa Jamestown

Kawu ne ya zaɓi ranar Talata. Ya ce masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku a ranar, kwale-kwalensu duk suna gaɓa, in dai hoto ya kawo ni. Daga Kumasi na taso da kyamarata, na sauka gidansa a unguwar Nima. Muka yi asuba, muka sha koko da ƙosai a bakin titi, muka hau trotro sai cikin gari.

Daga gabas muka faro muka miƙa yamma, don rana ta zauna a bayana, haskenta ya sauka kan gine-gine maimakon ya dalle mini kyamara. Ƙofar Baƙin Tauraro, wadda aka gina a 1961, da shekarar 1957 rubuce a goshinta, ba ta ba mai hoto wahala. Na durƙusa, na ɗauki uku, muka wuce.

A makwancin Kwame Nkrumah ne na daɗe. Wurin a da filin wasan polo ne na Turawa, kuma a nan ya tsaya ya shelanta 'yancin Ghana ranar 6 ga Maris 1957. An buɗe shi a 1992, aka sabunta shi aka sake buɗewa a Yulin 2023. Marmara na sheƙi, ruwa na tsartuwa, ga mutum-mutumin masu busa jere a cikin ruwan, inuwar ginin kuma kwance a kansa. Kowa nan yake tsayawa da waya. Ni abin da ya riƙe ni yana gefe: tsohon mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966, kan a ajiye kusa da gangar jikin. Na ji daɗi ƙwarai da masu gyara ba su maƙala kan ba. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ɗana, ɗauki wannan da kyau. Ina ɗan makaranta aka yi abin."

Da muka bi High Street muka shiga Jamestown, sai gyaran ya fara ja da baya. Ga Ussher Fort da mutanen Holan suka gina a 1649, gaba kaɗan ga James Fort na Ingilishi, na 1673. Bayi sun kwana a cikinsu, daga baya suka zama gidajen yari, har Nkrumah ɗin ma a James Fort aka tsare shi a 1950. Iskar teku ta cinye fenti, bango ya tsattsage, ciyawa ta tsiro a tsagar. A hoto abin yana fitowa da kyau, amma raina bai so ba. An ƙawata inda mutum ya kwanta, an bar inda aka ɗaure shi yana ruɓewa, alhali tun 1979 waɗannan gine-gine suke cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Kawu ya ja ni wani lungu ya nuna mini Brazil House, gidan Tabom, zuriyar bayin da suka dawo daga Brazil a 1836. Cikinsu akwai Musulmi, har da masu asalin Hausa. Ban taɓa jin wannan a zangonmu ba. Na ɗauki ƙofar da tagogin a hankali kamar na zo gidan dangi.

Hasumiyar fitilar jiragen ruwa, mai ja da fari, mita 28 tsawonta, sai da na ja baya sosai kafin ta shiga hoto. Ƙasa da ita ga sabuwar tashar masunta da aka gina da kuɗin Sin aka buɗe a 2024, siminti fes, kwale-kwale masu tutoci birjik kamar yadda Kawu ya faɗa. Na hango wata dattijuwa tana ƙyafe kifi, hayaƙi ya ratsa tsakaninta da hasumiyar. Na ɗaga kyamara, Kawu ya dafe mini hannu.

"A nan sai an gaisa."

Ya gaishe ta da harshen Ga, suka yi 'yar hira, ta gyara ɗankwali ta ɗaga kai. Da na nuna mata hoton, sai ta kira jikarta ta zo ta gani. Muka sayi kifi, muka tafi neman masallaci, azahar ta yi.