Zoben lamba da asusun jarabawa

Da yawa in sun min magana a WhatsApp abin da suke fara tambaya shi ne, Anti ke ce mai zoben lambar sa'a? Sai in ce ni dai zobe da sarƙa na azurfa nake yi masu lamba, sa'a kuwa ta Allah ce. Ina faɗa tun farko don ba na son wata ta sa zobena da niyyar zai kawo mata miji ko kasuwa, wannan ya zama camfi, kuma ba zan ci kuɗinsa ba. Akwai wadda ta ce in duba sunan mahaifiyarta in fitar mata da lambarta, na ba ta haƙuri na mayar mata da kuɗinta.

Lambar da nake yi ita ce wadda mutum ya sha wuya a kanta. Wata shekarar da ta sauke Alƙur'ani, wata ranar da aka sallamo ɗanta daga asibiti, wani bawan Allah lambar shagonsa na farko a Kantin Kwari ya sa aka rubuta masa a cikin zobe ta inda ba mai gani sai shi.

Ni ba maƙeriya ba ce, zane nawa ne da neman kwastoma da aika kaya, ƙira kuma ta Baba ce, wani dattijo maƙerin azurfa can wajen kasuwar Kurmi da muke aiki tun 2019. Azurfar da muke amfani da ita 925 ce, wato a kashi dubu 925 azurfa sauran jan ƙarfe, don zallarta ta cika taushi lanƙwashewa take yi a yatsa. Zai narka ta a 'yar tukunya kan gawayi, ya zuba, ya buge ta a uwar maƙera har ta yi faɗi, sannan ya zauna da ɗan zarto siriri kamar zare yana yanka lambar. 8 ta fi ba shi wahala, ramuka biyu ne kuma in hannu ya ɗan goce ƙugun ya tsinke sai a sake narkawa. In ya gama ya tafasa ta a ruwan alif ta fito fari tas, wallahi har yau in ya miƙo min tana da ɗumi sai na tsaya na kalle ta kafin in sa a leda.

Asusun jarabawar kuma wata kwastoma ce sila. Ta zo tana son 5 a sarƙa, na ɗauka 'ya'yanta ne biyar, ashe kiredit biyar ne. An cire ta daga makaranta an mata aure, bayan auren ya mutu ta koma aji da yara sa'annin 'yarta, sau biyu lissafi yana kayar da ita, a na uku ta haɗa biyar ɗin har da Turanci da lissafi da ake nema kafin shiga jami'a, kuma kowane zama sai ta sayar da wani abu a ɗakinta ta biya rajista. Ranar da ta zo karɓa ta kasa ɗaura maɗaurin saboda hannunta na rawa, ni na ɗaura mata. Da na ba Baba labari ya yi shiru can ya ce, 'yata, to waɗanda ba su da abin sayarwa fa?

Tun daga ranar duk abin da na sayar ina cire kashi goma na riba in ware, Baba ma ya ce in dinga cire wani abu a kuɗin aikinsa. In lokacin rajistar NECO ya zo sai mu biya wa 'yan mata marayu na unguwarmu, kuma makaranta nake zuwa da kaina in biya in karɓo rasit, in tura hotonsa ga duk wanda ya yi oda a shekarar, sunan yarinyar a rufe don ba a tallan maraici.

Daga 2023 da aka cire tallafin mai naira ta faɗi abin ya yi tsanani, giram ɗin azurfa ya tashi, kuɗin mota zuwa Kaduna da Abuja ya tashi, an ba ni shawara in koma ƙarfe mai ruwan azurfa ba wanda zai gane. Na ƙi, gara in rage kaurin zobe in faɗa wa mutum nauyinsa a sikeli. Bana yara uku ne a littafina, kuɗin yara biyu sun cika, ta ukun saura kaɗan, kuma akwai odar zobe shida da zan kai wa Baba ranar Asabar.